Masu Tallan Gobe

Ya kai mai karatu, a ce ka shiga kasuwar Gidigir da kuɗinka. Wani dillali ya tare ka ya ce, "Kawo kuɗin yau. Saniyar ba a haife ta ba tukuna, amma in ta zo za ta fi kowace saniya nono." Me za ka ce masa? Dariya za ka yi, ka dafe aljihunka, ka yi gaba. Wannan shi ne cinikin biri a sama, ko yaro ya san shi.

To, irin wannan ciniki wasu manyan kamfanonin duniya suke yi. Bambancin kawai shi ne su da kwat suke yin sa, da hotuna masu motsi, da dogon Turanci. Labarinsu yana iso mu ta rediyo da ta salula. Suna cewa ga a-kori-kura nan tafe wadda ba ta shan esansi, ba ta shan gazuwal, sai wutar lantarki, watau kuran. Suna cewa ga mota nan tafe wadda za ta tuƙa kanta, ta kai kaya har ƙofar gida ba direba a ciki. Suna cewa aikin direba ya kusa ƙarewa.

Kada ka gaskata don kawai ka gani a rubuce. Takarda ba ta ƙin tawada. Abin da aka ɗora mata shi take ɗauka, gaskiya ko ƙarya.

"Za mu" da "mun"

Dubi waɗannan maganganu biyu:

Mun ƙera mota.
Za mu ƙera mota.

Ta farko ana iya bincika ta. Sai ka ce, "Ina motar? Bari in hau." Ta biyu ba mai iya bincika ta yau, domin gobe ba ta zo ba. Kuma faɗinta ba ya cin ko tamma ɗaya. Saboda haka mai talla ya fi son "za mu". In ka ji labarin motocin zamani, ka riƙa ƙidaya "za mu" nawa ne, "mun" nawa ne. Ga abin da ya faru da wasu da suka cika duniya da "za mu".

Motar da aka gangaro daga tudu

A Amurka an yi wani kamfani mai suna Nikola. A farkon 2018 ya fitar da hoto mai motsi na wata babbar motar ɗaukar kaya tana tafiya a kan hanya, ba hayaƙi, ba ƙara. Mutane suka yi ta mamaki. A 2020 kamfanin ya ce zai ƙera a-kori-kura mai suna Badger, har ya fara karɓar kuɗin kafin alƙalami daga masu so. A watan Yuni na shekarar, darajar kamfanin a kasuwa ta taɓa wuce ta Ford, alhali bai sayar da babbar mota ko ɗaya ba. Ford kuwa tun 1903 yake ƙera motoci.

A watan Satumba na 2020 asiri ya tonu. Ashe motar nan ba ta iya tafiya da ƙarfin kanta. Jan ta aka yi zuwa kan tudu, aka sake ta, ta gangaro, aka ɗauki hoto. Ka san amsar da kamfanin ya bayar? Ya ce shi bai taɓa cewa motar da ƙarfinta take tafiya ba. Cewa ya yi tana motsi.

Ka ga wayo? Ai ko dutse ka turo daga kan tudu zai motsa.

Ita kuwa Badger, kafin ƙarshen 2020 aka soke ta, ba a sayar da ko ɗaya ba. A 2022 kotu ta sami mai kamfanin, Trevor Milton, da laifin zamba. A 2023 aka yanke masa ɗaurin shekara 4, amma a 2025 shugaban Amurka ya yafe masa. A 2025 ɗin nan kamfanin ya karye. Talakawan da suka zuba ajiyarsu a ciki, su suka kwana ciki.

Masu saye na baka

Wani kamfanin kuma, Lordstown Motors, a jihar Ohayo, ya yi shelar cewa an riga an yi odar a-kori-kurarsa ta lantarki har 100,000. Da masu bincike suka duba a 2021, sai suka ga yawancin odar nan ta baka ce. Ba wanda aka ɗaure da alkawarin biya, wasu masu odar ma ba su da halin saye. Shugaban kamfanin ya sauka a watan Yuni na 2021. Motocin da suka kai hannun masu saye ƴan kaɗan ne ƙwarai. A watan Yuni na 2023 kamfanin ya karye.

Kai da ka taɓa kai rago kasuwa ka san wannan dabara. Dillali yakan ce maka, "Yi sauri, mutum goma suna jiran ragon nan." Juya ka duba. Ina mutum goman?

Manya ma haka suke

Kana iya cewa waɗannan ƙananan kamfanoni ne, mayaudara. To, bari mu dubi manya.

A watan Nuwamba na 2019 shugaban kamfanin Tesla, Elon Musk, ya nuna wata a-kori-kura mai suna Cybertruck. Ya ce gilashinta ba ya fashewa da sauƙi. Aka jefe shi da dunƙulen ƙarfe a gaban jama'a, gilashi ya tsage. Ya ce za a fara ƙera ta a ƙarshen 2021, kuma mai araha a cikinsu dalar Amurka 39,900 ce. Ka lura, dalar Amurka ake nufi, ba dalarmu ta tamma biyar ba. Kuɗin nan ya fi miliyan 20 na sefa.

Ba a miƙa motar ga masu saye ba sai ƙarshen Nuwamba na 2023, bayan shekara 2 da lokacin da aka faɗa. Wadda aka fara sayarwa kuɗinta ya ninka, har ya wuce ninki. An ce wata za ta yi kilomita 800 kafin batir ya ƙare, amma wadda ta fito wajen 550 take yi. An ce za a kai ga ƙera 250,000 a shekara, amma a 2024 waɗanda aka sayar ba su kai 40,000 ba. A watan Maris na 2025 aka kira kusan dukkansu gyara, domin wani ƙarfen jikinsu yana iya ɓallewa a kan hanya.

Ford kuwa ya ƙera tasa da gaske, ana ce mata F-150 Lightning. Ta fito a 2022, kuma tana tafiya sosai. Amma masu aiki da ita sun ga cewa in ta ja kaya mai nauyi, nisan da take yi yakan ragu da kusan rabi. Kamfanin ya shirya ƙera 150,000 a shekara, masu saye ba su zo haka ba. A watan Disamba na 2025 Ford ya ce ya daina ƙera ta.

Wannan fa a Amurka ne, ƙasar da kusan kowane gida yake da wuta dare da rana.

Kaya ba direba

Zancen mota mai tuƙa kanta ma haka ya tafi. A watan Afrilu na 2019 Elon Musk ya ce a 2020 za a sami motocin haya miliyan ɗaya na Tesla suna yawo ba direba. Shekarar ta zo ta wuce, ba a ga ko ɗaya ba. Sai a watan Yuni na 2025 aka fara gwaji da ƴan motoci kaɗan a garin Austin, kuma da ma'aikacin kamfanin zaune a kujerar gaba yana lura.

Kamfanin Amazon, mai sayar da kaya ta intanet, ya fito da wani ɗan akwati mai ƙafa 6 a 2019, sunansa Scout. An ce shi zai riƙa kai wa mutane saƙo har gida. A lokacin gwaji mutum ne yake bin sa a baya, kamar makiyayi da akuya. A watan Oktoba na 2022 aka daina gwajin. A watan nan kuma kamfanin FedEx ya ajiye nasa akwatin.

A garin San Faransisko, a watan Oktoba na 2023, wata motar kamfanin Cruise marar direba ta hau kan wata mata da wata mota ta riga ta buge. Motar ba ta gane akwai mutum a ƙarƙashinta ba, ta ja ta wajen mita 6 a ƙasa. Hukuma ta karɓe izinin kamfanin, ta kuma zarge shi da ɓoye wani sashe na abin da ya faru. A ƙarshen 2024 uwar kamfanin, General Motors, ta janye hannunta bayan ta kashe fiye da dalar Amurka biliyan 10.

Me ya sa suke yin haka?

Ga dalili. Babban kamfani ba na mutum ɗaya ba ne. Ana yanka shi gunduwa-gunduwa a takarda, ana sayar wa jama'a. Wannan gunduwa ita ake kira hannun jari. In mutane suka ji kamfani zai yi arziki gobe, sai su ruga sayen hannun jarinsa yau, kuɗinsa ya tashi. Shugabannin kamfani sukan mallaki gunduwa masu yawa. Ka ga ke nan, tun mota ba ta fito ba, labarinta ya riga ya cika musu aljihu.

Saboda haka mai irin wannan talla ba mota kaɗai yake sayarwa ba. Hajarsa ta farko ita ce alkawari. In alkawarin bana ya gaza, ba ya cewa ya gaza. Sai ya ce an "sake tsari", ko ya ce an "koyi darasi mai amfani", ya kawo sabon alkawari na baɗi wanda ya fi na bana girma.

Mu ma mun ɗanɗana

Kada ka ce wannan zancen Turawa ne, bai shafe ka ba. A nan Nijar mun ga irinsa da idonmu. A 2014 kamfanin Bolloré na Faransa ya fara shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Yamai zuwa Doso, wajen kilomita 140. An ce za ta haɗu da ta Faraku a Benin, kaya su riƙa zuwa daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano. A farkon 2016 aka yi bikin buɗewa, da kiɗa, da jawabai, da manyan baƙi. Amma saboda rigimar shari'a a Benin, aiki ya tsaya. Jirgin bai taɓa shiga jigilar mutane da kaya ta yau da kullum ba. Ƙarafan suka zauna rana tana dukansu.

Dubi kuma madatsar ruwa ta Kandaji a kan kogin Kwara, wadda aka ce za ta ba ƙasa wuta. Tun shekarun 1970 ake zancenta. An aza tubalin farko a 2008. Shekarar 2024 ta ƙare ba a gama ta ba.

Kuɗin da ake kashewa a kan alkawarin da bai cika ba, kuɗin rijiya ne, da na likita, da na lakkol. Shi ya sa zancen ya shafe ka. Ran da wani baƙo zai zo da hoton motar gobe yana neman sa hannun shugabanninmu, ko wani ya aiko maka saƙo ta salula ya ce ka zuba jika goma ka sami jika hamsin, irin maganganun da ka karanta a sama za su yi maka.

Mu yi lissafi

Ɗauko alli mu auna. Hatsi da tiya ake auna shi. Wuta kuwa da kilowat-awa, shi ne abin da kamfanin NIGELEC yake rubutawa a takardar biya.

Babban batir na motar Ford da muka ambata yana cin kilowat-awa 131 kafin ya cika. Allon sola mai ƙarfin wat 300, in ya sami rana mai kyau ta awa 5, zai ba da kilowat-awa ɗaya da rabi a yini. Raba 131 da ɗaya da rabi. Amsa ita ce kwana 87. Watau kusan wata 3 allo ɗaya zai yi yana shan rana kafin ya cika motar sau ɗaya. In kana so ta cika a yini guda, sai ka jera allo 87.

To, sai a ce a cika ta da kuran. Wane kuran? A lissafin Bankin Duniya, wajen mutum ɗaya cikin biyar ne yake da wutar lantarki a Nijar, a ƙauyuka kuma abin ya fi haka ƙaranci. Kafin 2023, kusan kashi 70 cikin 100 na wutar ƙasar nan daga Najeriya ake sayo ta. A watan Agusta na 2023 Najeriya ta yanke ta saboda rikicin siyasa, ba a mayar ba sai bayan ɗage takunkumi a 2024. Wanda ya zauna a birni a lokacin ya san duhun da aka sha. Da a ce motocinmu duka na lantarki ne, da me za a kai marar lafiya Damagaram?

Ga kuma nauyi. Irin waɗannan motoci suna kusan tan 3 tun ba a ɗora musu ko buhu ɗaya ba, saboda nauyin batir. Kai da ka san rairayin hanyar Tasker, ka san abin da yake yi wa mota mai nauyi. Ga zafi. Ka ga yadda batirin salularka yake lalacewa in ya sha zafin bazara. Ga tsufa. Yawancin motocin da suke isowa nan sai sun gama ƙuruciyarsu a wata ƙasa. Tsohon injin Hilux ko Land Cruiser, makanikin tasha yana iya kwance shi ya ɗaure. Tsohon batir fa, wa zai gyara shi a Gure, kuma nawa ne sabo?

Direban da suke so su kora

Masu tallan nan suna maganar direba kamar ɓarnar kuɗi ne shi. Sun ɗauka aikinsa riƙe sitiyari kawai. Su zo su bi motar kasuwa daga Gure zuwa Kelle ko Bune su gani.

Direba ne ya san inda hanyar jiya ta ɓace bayan iska ta tura rairayi. Shi ya san lokacin da za a rage iskar taya kafin a hau tudu. In mota ta kafe, shi da karen mota suke tona, su shimfiɗa ƙarfe a ƙarƙashin taya, fasinjoji su tura. Shi yake karɓar saƙon kuɗi daga ɗa ya kai wa uwa. Shi yake tsayawa ya ɗauki mai naƙuda da tsakar dare. Shi ya san buhun kanwar wane ne wannan, kwandon dabinon wane ne wancan, ba tare da an rubuta suna ba.

Mota mai tuƙa kanta tana dogara da taswirar da aka zana mata titi-titi, da alamun hanya, da sadarwa mai ƙarfi. In ka sauka daga guduro, wanne ne a cikin waɗannan muke da shi?

Ba sabon abu muke ƙi ba

Wani zai ce, "Wannan malami ƙin ci gaba yake yi." A'a. Motar lantarki gaskiya ce. A ƙasar Sin, kusan rabin sabbin motocin da aka sayar a 2024 masu cin caji ne. Motocin haya marasa direba na kamfanin Waymo sun ɗauki fasinjoji da yawa a wasu biranen Amurka, a titunan da aka auna musu tun da farko.

Kusa da mu ma akwai abin yabo. Kamfanin Zipline ya fara aika jini da magani da ƙananan jirage marasa matuƙi a Ruwanda a 2016, a Gana a 2019, a jihar Kaduna a 2022. Jirgin yakan saki ɗan kwali da laima a harabar likita, ya koma. Abin da yake ɗauka bai kai kilo 2 ba, ko tiyar hatsi ba zai iya ba. Amma ga matar da jini ya ƙare mata wajen haihuwa, wannan ɗan kwali rai ne. A Maiduguri kuma wani matashi, Mustapha Gajibo, ya cire injin ƙananan motocin haya ya sa musu batir, yana cika su da hasken rana. A 2022 jaridun duniya suka ba da labarinsa, a lokacin motocin suna ɗaukar fasinja a cikin gari.

Ka lura da bambanci. Waɗannan ƙananan ayyuka ne, an auna su daidai da bukata, kuma ana iya zuwa a gani. Suna cikin layin "mun". Fanfon sola da ke ba lambu ruwa a kwari shi ma cikin layin nan yake, shi ya sa ba ya bukatar dogon jawabi. Gani ya kori ji.

Tambayoyi huɗu

Duk wanda ya zo maka da labarin na'urar gobe, ɗan kasuwa ne ko ɗan siyasa ko ma'aikacin wani shiri, yi masa waɗannan tambayoyi:

1. A ina abin yake aiki yau, kuma tun yaushe? In yana aiki, a faɗi sunan garin, mu aika wani ya gano.

2. Nawa ne kuɗinsa duka, har da na gyara, kuma daga aljihun wa za a biya?

3. In ya lalace, wa zai gyara shi a nan, kuma ina ake samun kayan gyaran?

4. Alkawarin da ka yi bara, ina ya kwana?

Mai gaskiya zai amsa ba tare da fushi ba. Mai romon baka zai ce kai baƙauye ne, ba ka fahimci zamani ba. Kada wannan ya dame ka. Masu digiri da yawa a Amurka sun fahimci zamani, kuma su ne suka zuba kuɗinsu a motar da aka gangaro daga tudu.

Ga shawara ta ƙarshe. Nemi ɗan littafi ka ajiye. Duk alkawarin da ka ji a rediyo ko a wurin taro, na hanya ne ko na wuta ko na mota, rubuta shi. Rubuta sunan wanda ya faɗa, da ranar da ya faɗa, da ranar da ya ce abin zai tabbata. Ke ma uwargida, ki yi naki. In ranar ta zo, ku buɗe littafin a dandali ku karanta wa jama'a da ƙarfi. Masu tallan gobe da mantuwarmu suke cin abinci, kuma abin da aka rubuta ba ya mantuwa.

Abin da Gure take bukata ba ɓoyayye ba ne: hanyar da za ta kai amfanin kwari kasuwa kafin ya lalace, wutar da ba ta ɗaukewa a ɗakin haihuwa, da horo ga samarinmu a kan gyaran sola da batir, domin ran da motocin nan za su iso da gaske su tarar da masu iya riƙe su. Wanda ya kawo waɗannan, za mu shimfiɗa masa tabarma. Wanda ya kawo hoto kuwa, a ba shi ruwa ya sha, a karanta masa tambayoyin nan huɗu.